Motar da ke mutuwa a bakin shinge: Matsalar da ke cinye kuɗin direbobi a yankin Ƙonni

A tsakanin direbobin da ke zirga-zirga daga ƙauyukan Bazaga zuwa Birnin Ƙonni, akwai wata irin lalacewar mota da ta fi faci da karyewar sifirin ban haushi. Mota na gudu lafiya a kan kwalta, amma da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur don ya hau tudun rage gudu, ko ya tsaya a shingen jandarma, ko ya kutsa cikin cunkoson ranar kasuwa, sai inji ya yi shiru. A murɗa makulli ta tashi kamar ba ta yi komai ba. Gobe ba za ta yi ba, jibi ta yi sau uku. In an kai ta gareji kuwa, sai ta yi ta aiki lami lafiya a gaban bakanike.

Bazaga ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Birnin Ƙonni ta jihar Tahoua, kuma duk wani babban gyaran mota daga wannan yanki a Ƙonni yake ƙarewa. Garin na kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Dogon Dutse ta wuce Maraɗi da Damagaram. Gabas kaɗan, a Tsarnawa, hanyar Tahoua ta rabu. Kudu kuma, 'yan kilomitoci ne zuwa Illela ta jihar Sokoto (kada a haɗa ta da Illela ta Nijar, wadda gunduma ce a arewacin Ƙonni). Manyan motocin siminti daga Malbaza, da na albasar Galmi, da ƙananan bas-bas na fasinja, da babura, da amalanken shanu da jakuna, duk hanya guda suke bi. A irin wannan hanya, wurin da mota ke tafiya a hankali shi ne wurin da mutane suka fi yawa, kuma a nan ne wannan matsala ke zaɓar ta faru.

Abin da ya sa take da haɗari

Idan inji ya mutu mota na tafiya, abubuwa biyu ne ke canjawa nan take. Sitiyari ya yi nauyi, domin a yawancin motocin da ke yankin famfon da ke sauƙaƙa shi da inji yake juyawa. Birki ma haka: abin da ke taimaka wa ƙafar direba yana samun ƙarfinsa ne daga zuƙar iskar inji, kuma abin da ya rage a ciki bai wuce na taka ɗaya ko biyu ba. Bayan nan birkin na nan yana aiki, amma sai an danna shi da ƙarfi sosai.

Saboda haka direban da ya yi ta famfa birki a firgice yana ƙarar da ɗan taimakon da ya rage masa. Abin da ya fi shi ne ya taka sau ɗaya ya riƙe, ya mayar da giya fanko, ya kunna fitilun gargaɗi, ya karkata gefen hanya. Kada ya murɗa makulli baya gaba ɗaya motar na motsi, don a motoci da yawa hakan na kulle sitiyari. Wanda ya taɓa ganin tirela mai ɗauke da siminti tana biye da ƙaramar mota a tudun rage gudu ya san daƙiƙa nawa ake da su.

Me ya sa sai a tafiyar hankali?

Amsar na cikin yadda inji ke numfashi. A lokacin da mota ke tsaye inji na aiki, abin da direbobi ke kira sulo ko ralanti, yana juyawa ne kusan sau 600 zuwa 900 a minti. Ƙofar iskar da totur ke buɗewa tana kusan rufe, iska kaɗan ce ke shiga, mai kaɗan ne ke ƙonewa, kuma daga wannan ɗan ƙarfin ne dinamo da famfon sitiyari da na'urar sanyaya mota duk ke cin rabonsu. Babu rara. Ƙaramin datti ko ƙaramar huda da inji ba zai ko ji ba a juyi 3,000, ya isa ya kashe shi a juyi 700.

Wannan ne ya sa tsada da girman kayan da aka canja ba su cika zama maganin matsalar ba. Galibi abin da ke jawo ta ƙarami ne. Wahalar na wurin gano shi.

A nan ne kuɗi ke tafiya. Jihar Tahoua sananniya ce wajen tafiya ci-rani, kuma ba ƙaramin adadi ba ne na motocin haya a ƙauyuka da kuɗin wani ɗa da ke Abidjan ko Libiya ko Legas aka saye su. Idan matsalar ta fara, sai waya ta fara ƙara: an canja fulogi, a turo kuɗin koyil, an canja koyil, yanzu an ce famfon mai ne, an sa famfo, an ce sai kwamfutar motar. Kowane canji mota kan yi kwana biyu lafiya, domin dama ba kullum take yi ba, sai a ɗauka an dace. Mai turo kuɗi ba ya ganin motar, bakanike bai taɓa ganin ta mutu ba, direba kuma abin da ya iya faɗa shi ne tana mutuwa. Cikin su ukun babu mai mugun nufi, amma kuɗin kayan da aka saya a banza kan fi kuɗin ainihin gyaran.

Mai: inda ya kamata a fara

A yankin Ƙonni ba a maganar inji ba tare da maganar mai ba. Shekaru da dama man da aka fi sha a nan na fasa-ƙwauri ne daga Najeriya, wanda 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin hanya, saboda tallafin gwamnatin Najeriya ya sa ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba. Abubuwa sun juya a 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin, sannan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai ya jawo rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauke farashin fetur zuwa sefa 499 kowace lita, yayin da a Najeriya ya haura naira 1,000 kafin ƙarshen shekarar. Jama'a suka koma gidajen mai, buƙata ta yi wa matatar SORAZ ta Damagaram yawa (an buɗe ta a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana), kuma a watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai na ƙasar.

Amma ko farashi ya juya, kwalba ba ta ɓace ba. Ƙauyen da babu gidan mai, da jarka ake kai masa, ko daga ina man ya fito. Kuma matsalar jarka ba lalle sai an yi algus ba. Man da aka juye daga tanki zuwa duro, daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba ta mazurari da tsumma, a fili cikin iska, yana kwasar ƙura da tsatsa, da damina kuma har da ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasan tanki yake kwanciya, daidai inda famfo ke zuƙa. Shi ya sa wata motar ba ta mutuwa sai an taka birki ko an sha kwana, lokacin da abin da ke ƙasan tanki ya motsa.

Gwajin wannan bai kai kuɗin shayi ba. A zuƙo mai kaɗan daga tiyon da ke zuwa inji a cikin farar kwalba mai tsabta, a ajiye ta a inuwa na 'yan mintuna. Idan akwai ruwa zai rabu ya kwanta a ƙasa, a ga layin da ido. Idan akwai datti shi ma zai sauka. Abin mamaki ne yadda ake sayen famfo sabo ba tare da an yi wannan ba, a kuma jefa shi cikin tankin da ya kashe na farko.

Akwai wani abu da ya kamata mai mota ya sani game da famfo da filtar mai. Idan su ne suka gaza, yawanci alamar farko a hawan tudu take bayyana, ko lokacin da aka yi lodi aka danna totur, domin a lokacin ne inji ke neman mai da yawa. Motar da ke cin hanya lafiya da cikakken lodi amma take mutuwa a tsaye, ba famfo ne ya kamata a fara zargi ba. In ana shakka, akwai agogon auna ƙarfin turin mai. Yawancin motocin injekta na shekarun 1990 da 2000 suna aiki ne a wajen ba 3. Wata ɗabi'a da ke rage wa famfo kwana kuwa ita ce yawo da tanki kusan fanko, ana zuba lita biyu-uku a kowane zango. Famfon na cikin tanki ne, kuma man da ke kewaye da shi ke sanyaya shi.

Ƙura da iska

Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu na tafe da ƙurarsa, kuma hanyoyin da suka ratsa ƙauyuka ba kwalta ba ce. Ƙurar da ta wuce filtar iska tana haɗuwa da tururin baƙin mai ta zama baƙin danƙo a bakin ƙofar totur. Wannan danƙo na toshe ɗan siririn wurin da iskar sulo ke bi. A tsofaffin motocin injekta akwai wani ƙaramin bawul da kwamfuta ke buɗewa da rufewa don daidaita sulo, kuma idan danƙo ya kama shi sai ya makara: direba ya saki totur, allurar juyi ta faɗo ƙasa, bawul bai buɗe a kan lokaci ba, inji ya mutu. Idan aka ce a zaɓi dalili guda da ya fi yawa ga motar da ke mutuwa lokacin tsayawa, wannan ne. Maganinsa wanki ne, ba saye ba.

Sai dai a motocin da totur ɗinsu na lantarki ne, waɗanda ba su da kebul daga feda zuwa inji, bayan wanki kwamfutar kan buƙaci ta sake koyon matsayin ƙofar. Idan ba a yi ba, sulo kan yi sama ko ya yi ta hawa da sauka, har mai mota ya ɗauka an ɓata masa inji.

Motocin kafireta, irin su tsohuwar Peugeot 504 da tsofaffin Toyota da har yanzu ke jigilar ƙauye, labarinsu ya fi sauƙi. Hudar da ke ba da mai a sulo ita ce mafi ƙanƙanta a cikin kafireta, ita ce kuma ta farko da datti ke toshewa. Mota ta yi gudu amma ta ƙi zama a sulo, can za a duba.

Wani lokacin kuma iskar ce ta yi yawa. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana busar da tiyoyin roba su tsage, sai inji ya riƙa zuƙar iskar da kwamfuta ba ta lissafa ba. A sulo ne wannan ya fi tasiri. Ana iya jin ƙarar tsotso idan aka kara ɗan guntun tiyo a kunne ana bin haɗe-haɗen inji da ɗaya bakin. Wasu garejin na fesa fetur a kan inji mai zafi don su ji ko sautinsa zai canja; dabarar na aiki, amma tartsatsi guda daga wayar fulogi ya isa ya cinye mota. Idan motar na mutuwa ne daidai lokacin da aka taka birki, a duba babban tiyon da ke zuwa tulun birki da tulun kansa.

A kan filtar iska akwai kuskure guda da ya zama ruwan dare: hura ta da iskar faci da ƙarfi har takardar ta yage, a mayar. Filta mai huda ba ta da maraba da babu.

Wadda ke mutuwa in ta ɗau zafi

Akwai wata iri daban. Mota ta tashi da safe garau, ta yi minti ashirin ko talatin, sai a cikin gari ta mutu farat ɗaya kamar an kashe makulli, babu tari babu girgiza. A yi ta bugawa ta ƙi. A bar ta ta huce na kwata awa, ta tashi. Wannan siffar ta fi kama da wuta, ba mai ba. Wanda aka fi zargi shi ne sensar da ke ƙirga juyawar inji ta gaya wa kwamfuta lokacin ba da wuta. Idan ta tsufa zafi kan yanke ta, in ta huce ta dawo. A tafiyar hankali iska ba ta ratsa inji kamar a gudu, zafi na taruwa, shi ya sa take zaɓar cunkoso. Koyil da rilen famfon mai su ma kan yi haka.

Direba na iya taimakawa a daidai wannan lokaci. Idan ya buɗe makulli bai buga ba, ya saurara: a yawancin motoci famfo na yin ƙara ta daƙiƙa biyu daga wajen tanki. In babu, an sami inda za a duba. Idan yana bugawa allurar juyi ba ta ko motsa ba, a motoci da yawa wannan na nuna sensar ce.

Kan batir da ya saki ko ya yi farin gishiri, da wayar da ta haɗa inji da jikin mota, su ne abu mafi araha da ake tsallakewa. Hanya mai gargada na sassauta su. Batir mai lafiya na nuna kusan bolt 12.6 inji a kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 inji na aiki. Motar da ke mutuwa da dare kawai, in an kunna fitilu da fanka, dinamonta za a auna.

Mota mai giyar otomatik da ke girgiza ta mutu daidai lokacin tsayawa, kamar mai koyon tuƙi ya manta kuloci, mai yiwuwa matsalar a giyabos take, inda wani makulli da ya kamata ya saki ya ƙi saki. Masu bas ɗin dizal kuwa su fara da iska a cikin tiyon mai da ruwan da ke taruwa a ƙasan filta, wanda akwai ɗan murfin zubar da shi.

Na'urar bincike da fitilar da aka kashe

Yawancin motocin da ke yankin tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, a da ta tashar Kwatano, bayan rufe iyakar Benin kuma ta Lome. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka shigo. Abin da wannan ke nufi ga mai gyara shi ne galibinsu na da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, domin doka ta wajabta shi a Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga motocin fetur. Ƙaramar na'urar da ake sokawa a wurin ta haɗu da wayar hannu ba ta kai kuɗin famfon mai guda ba.

Na'urar na fitar da lambobi. P0505 na nufin tsarin sulo, P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, P0335 na nufin layin sensar juyawar inji, P0300 na nufin wuta na tsallake. Amma lamba unguwa take nunawa, ba gida ba. P0335 na iya zama sensa, yana iya zama wayar da ɓera ya ci ko filogin da ya cika da baƙin mai. Wanda ya ga lamba ya wuce shagon kayan gyara kai tsaye, canki-canka yake yi da kwamfuta a hannu.

Matsala ta biyu ita ce motoci da yawa sun riga sun rasa bakin magana. An cire musu matatar hayaƙi da ke cikin salansa saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, fitilar gargaɗi mai hoton inji ta kama ta ƙi mutuwa, sai aka cire ƙwanta ko aka manna mata baƙin tef. Daga ranar, duk wani sabon gargaɗi a ɓoye yake. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in aka buɗe makulli kafin a tada inji, fitilar ya kamata ta kama. Idan ba ta kama ba, an taɓa ta. Haka nan cire kan batir don a goge laifi, kamar yadda ake yi a gareji da yawa, yana iya share lambar tare da bayanan da kwamfuta ta ajiye na zafin inji da gudun mota a daidai lokacin da abin ya faru, wato shaidar da ake nema.

Gyaran da ya fi kowanne yaɗuwa shi ne a ɗaga sulo. A murɗa sukuru ko a ja kebul, inji ya koma juyi 1,200, mota ta daina mutuwa, kowa ya tafi da murna. Mai ne zai riƙa tafiya a banza a kowace tsayuwa, otomatik kuma ta riƙa jan kanta gaba a cikin kasuwa, dalilin na asali yana nan yana girma.

Abin da mai turo kuɗi zai iya tambaya

Wanda ke nesa ba zai iya buɗe bonet ba, amma zai iya neman bayanin da bakanike ke buƙata. Ya sa direba ya lura na kwana uku ko huɗu: da sanyin safiya take yi ko bayan ta ɗau zafi? Tari take yi ta mutu a hankali, ko farat ɗaya? Tana tashi nan take ko sai ta huce? Birki aka taka, ko sitiyari aka murɗa, ko fitila aka kunna? Mai nawa ne a tanki, kuma a ina aka sha na ƙarshe? Yaron mota na iya ɗaukar allon gaban direba a bidiyo lokacin da abin ke faruwa ya tura ta WhatsApp. Yadda allura ta faɗi da fitilun da suka kama sun fi dogon bayani amfani.

Da waɗannan amsoshi a hannu, bakanike na gari zai fara da abin da ba ya cin kuɗi: kwalbar mai, kan batir, filtar iska, tiyoyi, wankin totur, sannan na'ura da agogon awo. Idan har sai an canja wani abu, a canja guda ɗaya a lokaci guda, a karɓi tsohon a ajiye, domin in matsalar ta dawo an san lafiyarsa ƙalau kuma zai yi amfani wata rana. Gwajin bayan gyara kuma kada ya tsaya a zagaye gareji. A bar inji ya ɗau zafi sosai, a sa lodi irin na kullum, a bi ta cikin garin Ƙonni da tuddansa da tsaye-tsayensa, a irin lokacin da ta saba yi.